Ni Ce Mai Zubar da Buhunan Ranar Juma'a

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk wanda zai tsaya ya karanta. Ina roƙon a ɓoye sunana. Sunayen da za ku gani a ciki ma ba na gaskiya ba ne, na canja su. Na san akwai waɗanda kafin su kai ƙarshe za su fara tsine mini, kuma ba zan ce ba su da hujja ba, amma don Allah ku bari ku gama karantawa tukuna. Shawara nake nema, kuma lokacin da ya rage mini kaɗan ne.

Ni matar aure ce da 'ya'ya, muna zaune a Nassarawa GRA a Kano. Layinmu irin layukan nan ne masu shiru da dogayen katangu, kowa ya shiga motarsa a cikin gida ya fita, maƙwabci sai ya daɗe bai ga maƙwabcinsa ba in ba a masallaci ba. A ƙarshen layin akwai wani kango, an fara gini aka bari, mai shi ya rasu, magada suna rigima a kai, ƙofarsa ta daɗe da faɗuwa. Yau duk wanda ka tambaya a unguwar zai ce maka wajen bola ne. Lokacin da muka tare ba bola ba ne, ciyawa ce kawai da tarin bulo. Buhun farko da aka jefa a cikinsa ni na jefa shi.

Maigidana, wanda zan kira Alhaji, mutum ne da ake girmamawa. Ya riƙe muƙami a gwamnati, da mulki ya canja hannu aka sauke shi, wayarsa ta daina ƙara, masu cika mana falo da safe suka ɗauke ƙafa. A wannan lokacin ya fara shan giya. Ba ya zuwa ko'ina ya sha, ba ya tangaɗi a titi, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Ɗakinsa na sama yake shiga ya kulle, in an kira salla kuma a gan shi a sahun gaba. Ranar da na buɗe durowar kayansa ina neman wata hula na ga kwalabe a jere bayan takalma. Da na yi masa magana bai musa ba. Ya ce jarrabawa ce, in taya shi da addu'a, in kuma rufa masa asiri. Na yi addu'ar, na kuma rufa asirin. Abin da bai faɗa mini ba shi ne inda zan kai kwalaben.

Wanda ba a Kano yake ba zai ce, ba sai ki zuba a kwandon shara ba? A garin da ake tara kwalaben giya a fili a bi ta kansu da katafila jama'a suna kabbara? Masu kwashe mana shara da baro suke zuwa, kuma ba sa tafiya da buhu sai sun zazzage shi a ƙofar gida sun ware roba da gwangwani da kwalba, domin su suke sayarwa. Kwalba ɗaya ta fito daga sharar gidanmu, kafin azahar masu gadin layin duk sun ji, kafin magariba labari ya kai Tudun Wada. Don haka na samo tawa dabarar. Ina zuba kwalaben a tsohon buhun shinkafa, in kai sito in rufe ƙofa, in daddake su da taɓarya har su farfashe, don kada 'yan bola su ga abin ɗauka. Sai in zuba dattin kicin a kai, ɓawon doya da ragowar miya da hanjin kaza, yadda babu mai sha'awar sa hannu, in ɗaure bakin da igiya. Ranar Juma'a, da zarar maza sun tafi masallaci, har da masu gadi da direbobi, layin ya zama babu kowa, sai in buɗe get da kaina, in sa buhun a bayan motata, in tsaya a bakin kangon kamar mai amsa waya, in jawo shi in jefa bayan tarin bulo in dawo. Kafin a idar da salla ina kicin. Alhaji bai taɓa tambayata inda kwalaben suke zuwa ba. Yana dai buɗe durowa ya tarar da ita fes.

Ban yi tunanin abin zai wuce buhunana ba. Amma da aka ga an fara, sai masu baro suka gane sun sami wuri kusa. Masu gyaran kaji suka kawo gashi da hanji, magina suka kawo ɓaraguzai. Da damina ta zo wari ya hana gidajen kusa buɗe taga, leda ta toshe kwalbati, ruwa ya kwanta a titi, sauro ya yi mana yawa. Mazan layin suka kai kuka ƙaramar hukuma. Aka turo duba-gari, ya tsaya daga nesa da hankici a hanci ya ce za a duba. Can daga baya aka kafa allo mai cewa an hana zuba shara a nan, wanda aka kama zai biya tara ko ya tafi gidan yari. Mutane suka riƙa zubawa a gindin allon. Motar kwasar shara ta taɓa zuwa, ranar da wani babba zai aurar da 'yarsa a layin bayanmu, ta kwashi abin da ake hangowa daga titi ta tafi. Ni kuwa duk Juma'ar da buhu ya cika ina kaiwa. Nakan ce wa kaina, mene ne buhu ɗaya a cikin wannan tsauni? Har ina cikin matan da ke ƙorafin warin in mun haɗu a gidan suna.

Yanzu sai in gaya muku wane ne Malam Ishaya. Malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi, mutumin Zariya, Kirista. Shi da matarsa Rifkatu da yaransu suna haya a ɗakunan baya na gidan da ke kallon namu, kuma su kaɗai ne Kiristoci a layin. Duk wanda ɗansa ya kasa lissafi wajensa yake turawa, babban ɗana ma shi ya zaunar da shi har ya ci jarrabawa. Tsakaninsa da limamin masallacin layinmu, wani dattijo, akwai wasan nan na Kanawa da Zagezagi. Liman in ya hango shi sai ya ce ga bawan Kanawa ya fito, shi kuma ya ce Kanawa ba su iya komai ba sai ciniki da cika baki, a yi dariya a rabu. Ranar Juma'a makarantarsu tana tashi da wuri, saboda haka lokacin da maza suke masallaci shi yana gida. Na san haka sarai, domin sai na leƙa ta taga na tabbatar ya shige ciki kafin in fito da mota.

Da zaɓe ya matso, kansilanmu ya tuna da bolar. Aka sanar cewa Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli da ake hana zirga-zirga da safe, za a kwashe ta gaba ɗaya. Aka zo da katafila da tifa, da duba-gari, da mai ɗaukar hoto, da kuma samari cike da mota, yaran kansila, ba 'yan unguwar ba, irin waɗanda ake gani a gaban jerin gwanon kamfe. Aka raba musu shebur da manjagara. Mazan layin suka fito tunda babu inda za su je, Malam Ishaya ma ya fito da manjagararsa kamar yadda yake yi duk wata. Ni ina barandar sama ina kallo, ina ce wa kaina katafila ba ta kwance buhu, ɗiba kawai take ta zuba a tifa.

Katafilar ba ta iya shiga bayan tarin bulon ba, sai aka ce samarin su jawo abin da ke wajen da hannu. Ɗaya daga cikinsu ya rungumi wani buhu zai ɗaga, ashe buhun ya ruɓe, ya yage a jikinsa. Na ji ihunsa daga inda nake. Fasasshiyar kwalba ta tsaga shi daga tafin hannu har kusa da gwiwar hannu, jini yana tsartuwa a kan rigarsa mai hoton kansila. 'Yan uwansa suka baje buhun da shebur. Taɓarya tana fasa cikin kwalba, amma ba ta fasa wuyanta da murfinta, ba ta kuma goge takardar da ke manne a jiki. Wani ya ɗaga wuyan kwalba sama ya shinshina ya faɗi sunan abin. Suka farke wani buhun, suka farke wani, duk iri ɗaya, ɗauri iri ɗaya.

Kansila ya ce lallai sai an fito da mai wannan aiki yau. Sai wani mai gadi da ke gidan kusa da kangon ya ce shi dai ya daɗe da lura, irin waɗannan buhunan ba da dare ake kawo su ba, domin da dare idonsa biyu. Yana tafiya masallacin Juma'a babu, in ya dawo ya tarar da sabo. Sannan ɗaya daga cikin mazan layin ya yi tambayar da ta jawo komai.

"To wane ne ba ya zuwa masallaci ranar Juma'a a layin nan?"

Jama'a, akwai mata a kowane gida a layin nan. Akwai matan aure, akwai 'yan aiki, akwai tsofaffi, kusan dukkanmu muna gida ranar Juma'a, da yawanmu kuma muna tuƙa mota. Babu namiji ɗaya a wajen da ya tuna da mu. Gaba ɗaya suka juya suka kalli Malam Ishaya.

Shi ya ɗauka wasan da aka saba ne. Ya jingina da manjagararsa yana dariya, ya dubi liman ya ce, "Kanawa ke nan. Ku ci ku zubar, in an tambaya ku ce Bazazzagi ne." Da 'yan layin ne kaɗai, wataƙila da an tsaya an yi magana. Amma samarin ba su san shi ba. Abin da suka gani shi ne ɗan uwansu yana zubar da jini, ga wani yana dariya. Wani dogo a cikinsu ya tako ya ce, "Dariya ma kake yi?" Ya ɗaga shebur ya sauke masa a gefen fuska, da bakin shebur ɗin, ba da bayansa ba.

Zan faɗi abin da na gani, domin na gani duka. Malam Ishaya ya durƙushe ya dafe ido, jini yana bin tsakanin yatsunsa. Wani ya buga masa ƙotar manjagara a gadon baya har ta karye. Suka rufe shi, suna shurinsa a ciki da haƙarƙari. Wani ya ɗauko bulo ya sauke masa a hannun da ya kare kansa da shi, na ji ƙarar ƙashin har sama. Wani ya ɗebo fasassun kwalaben da shebur ya watsa masa yana cewa ya sha abinsa, suka kama ƙafarsa suka ja shi a kansu. Tun yana cewa wallahi bai taɓa sha ba, cocinsu ma ya hana, har ya daina magana. Rifkatu ta fito da gudu babu ɗankwali ta faɗa kansa, aka fizge ta aka jefar gefe, ta sake dawowa, wani ya mare ta har ta kifa cikin kwata. Kansila yana cewa a bari, a bari, amma yana faɗa yana ja da baya wajen motarsa. Duba-gari ya shige bayan tifa. Mazan layinmu, waɗanda mutumin nan ya koyar da 'ya'yansu, wasu suna cewa ya isa haka daga inda suke tsaye, wasu sun koma bakin ƙofofinsu. Sai na ji ɗaya daga samarin yana cewa a kawo taya.

Liman ne ya tsaya. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, da sanda yake tafiya, amma ya kutsa tsakiyarsu, gora ta same shi a kafaɗa, rawaninsa ya warware, ya kwanta a kan Malam Ishaya ya lulluɓe shi da babbar rigarsa. Ya ce duk wanda zai ƙara dukan mutumin nan sai dai ya fara kashe shi, ya je gaban Allah da jinin mutum biyu. Wannan ne ya sa suka ja baya. 'Yan sanda sun iso bayan an gama.

Ni ina ina? Na sauko daga bene, na zo har bakin get na riƙe ƙarfen da hannu biyu. Abin da zan ce kawai shi ne, ni ce, ku bari. Muryata tana da ƙarfi, da na ɗaga ta da an ji. Na buɗe baki, sai na hango Alhaji a cikin mazan yana kallon buhunan da aka farke. Ya gane igiyar, irin wadda muke shanya da ita ce. Ya ɗago ya kalle ni, ya girgiza mini kai a hankali. Na rufe bakina. Ba zan ɗora masa ba, domin ko bai girgiza kai ba ban tabbata zan yi magana ba. Na ga abin da shebur ya yi wa fuskar namiji, na ji tsoron abin da zai yi wa tawa. Wace irin mace ce za ta tsaya tana kallo ana neman kashe mutum a kan abin da ta aikata da hannunta? Ga ta nan tana rubuto muku.

Motata ce ta fi kusa da ƙofa, ita aka fitar aka kwantar da shi a kujerar baya. Alhaji ya tuƙa, Rifkatu ta riƙe kansa a cinyarta. Da suka dawo ni na wanke kujerar. Idonsa na hagu ya tafi, likitoci sun ce ba zai dawo ba. Hannunsa na dama, wanda yake rubutu a allo da shi, an sa masa ƙarfe. Bayansa da cinyoyinsa duk ɗinki ne. Har yanzu yana asibiti.

Ga kuma yadda hukuma ta yi da lamarin. Samarin da aka kama, kafin la'asar an yi belinsu, wai ba a tantance wanda ya yi dukan ba a cikin cunkoso. Katafila ta tafi ta bar rabin bolar a baje a titi, sai 'yan layin ne suka nemo masu baro suka mayar da ita cikin kangon. Hotunan da aka ɗauka kafin rikicin sun fito, ana ta yaba wa kansila. Shi kuwa Malam Ishaya, a gadon asibiti aka kai masa sammaci. Ana tuhumarsa da zubar da shara mai haɗari a inda aka hana, da jawo wa ma'aikacin tsafta rauni. Saurayin da kwalba ta yanka yanzu ma'aikaci ya zama. Makarantarsu ta ce ya zauna a gida har a gama shari'a, domin iyaye sun fara magana. Mai gidan da suke haya ta aiko cewa su nemi wani wuri, don zaman lafiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Tun ranar ban sake kai buhu ba, ina zan iya? To rashin kaiwar tawa shi ya zama babbar hujja a kansa. Mai gadin nan yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa tun da aka kwantar da malamin ba a sake ganin sabon buhu ba, to wa ya rage? Waɗanda da farko suka ce ba su yarda ba yanzu sun yi shiru. Mai gadin nan za a kira shaida a kotu. Har tunani na yi in sake kai buhu ɗaya ranar Juma'a, yana kwance a asibiti, kowa ya ga ba shi ba ne ba tare da na buɗe baki ba. Na ɗaure buhun ma, na sa a mota. Da na leƙa sai na ga kansila ya ajiye samarinsa a bakin kangon, suna zaune a benci da gorori, kuma su ba sa tashi ko an kira salla. Na mayar da shi sito. Babu wanda ya ce ai da irin wannan tsaron, ko wane ne mai zubarwar ba zai dawo ba.

Na sami Alhaji a ɗakinsa na ce masa ba zan iya ci gaba da haka ba. Ya ce shi ma ba ya barci, kuma yana yin abin da zai iya, shi yake ɗaukar nauyin asibiti ta hannun liman, shi ya samo musu lauya, in sun tashi zai kama musu gida a Hotoro. Na ce ido fa? Sunansa fa? Mutumin da bai taɓa kai giya bakinsa ba kotu ta rubuta cewa shi ne mashayin unguwa, wace makaranta ce za ta sake ba shi 'ya'yan mutane? Ya ce in tuna da 'ya'yanmu mata da wanda zai aure su, in tuna samarin nan sun san ƙofar gidanmu. Na ce masa maganata kaɗai ba za ta sa a yi masa bulala ba, shari'a tana neman shaidu ko mutum ya amsa da bakinsa, ni zan ce ni na zubar, ba sai na ce wa ya sha ba. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"In kin ce ke kika zubar, tambaya ta gaba mece ce? Ko dai ni nake sha, ko ke. Zaɓi ɗaya."

Ya tashi ya tsaya a bakin taga ya ba ni baya, ya kira sunana, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Ban taɓa yi miki barazana ba tun da muka yi aure. Amma duk ranar da kika buɗe baki a kan maganar nan, a bakin aurenki."

Har yau bai daina sha ba. Ya ma ƙara.

Shekaranjiya Rifkatu ta shigo gidanmu. Nakan kai musu abinci asibiti, in bar wa masu jinya in juyo don ba na iya kallon fuskarsa, to ta zo dawo da kwanuka. Ta rame, gefen bakinta har yanzu da tabo. Ta zauna a ƙasa duk da na nuna mata kujera, ta yi ta godiya, ta ce ba za su manta da motar da muka bayar ba ranar da kowa ya rufe ƙofarsa, ta ce Malam kullum sai ya sa mana albarka. Na rasa inda zan sa idona. Sannan ta ce lauya ya gaya musu maganar mai gadi ce kawai a kansu, in aka sami wanda yake layin a lokacin sallar Juma'a ya ce bai taɓa ganin Malam ya nufi kangon ba, ƙarar za ta iya rushewa. Ta ce ta yi ta tunanin wa zai kasance a layin a wannan lokacin, sai ta tuna.

"Hajiya, ai ku mata kuna gida. Barandarki tana kallon ƙofarmu, tana kuma kallon kangon. Ni in na faɗa za a ce matarsa ce. Ke za a ji maganarki. Ki zo ki faɗi abin da kika sani kawai, ba na roƙon ki ƙara komai."

Na dube ta ina neman ko akwai wani abu a bayan maganar, ko ta taɓa ganin motata a bakin kangon. Babu komai a idonta sai gajiya. Ita kaɗai ce a duk layin ta tuna cewa akwai mata, kuma ta tuna ne don ta nemi taimakona. Ta ce ta shiga wasu gidajen kafin namu, matan sun ce sai sun tambayi mazansu, mazan sun ce babu ruwansu. Ta kama hannuna ta ce, "Don Allah, Hajiya." Na ce mata zan zo.

Ranar Talata za a zauna a kotu, kuma Alhaji bai san na yi alkawari ba. Zan iya zuwa in rantse da Alƙur'ani in ce ban taɓa ganin Malam Ishaya ya kai buhu kangon ba. Wannan gaskiya ce tsantsa, wataƙila ma ta isa a sallame shi. Amma sallama don rashin hujja ba za ta wanke shi a layin nan ba, ba za ta mayar da shi aji ba, za a ce Hajiya ce ta ji tausayinsu. Kuma mai gabatar da ƙara ba yaro ba ne. Zai ce, tunda kina baranda duk Juma'a har kika tabbatar ba shi ba ne, to wa kika gani? In na ce ban ga kowa ba, na san abin da ake tambayata, Allah ma ya sani, na yi ƙarya a ƙarƙashin rantsuwa a kan mutumin da ya riga ya rasa ido saboda ni. In na ce ni ce, zan fito daga kotun ba ni da aure, na tona mijin da ya roƙe ni in rufa masa asiri, na bar wa 'ya'yana sunan da za a riƙa jifansu da shi, kuma ban san ko zan isa mota lafiya ba, domin an ce samarin nan za su cika harabar kotun. Ƙin zuwa kuwa na kasa ma tunaninsa, domin na san Rifkatu za ta tsaya a bakin ƙofa tana duba hanya.

Malaman da ke wannan shafi, rufa wa miji asiri ya kai a bar wani da laifin da bai yi ba? Masu sanin shari'a, akwai hanyar da mace za ta gaya wa alƙali gaskiya ba a gaban jama'a ba, kuma in ta gaya masa a ɓoye, hakan zai wanke mutumin a idon unguwa? Na yi tunanin zuwa wajen liman, amma ta yaya zan dubi tsohon da har yanzu ba ya iya ɗaga kafaɗarsa in ce masa lokacin da yake kwance a ƙasa ni ina tsaye a bakin get?

Ku zage ni in kun ga dama, ba zan ce kun zalunce ni ba, amma bayan zagin ku ba ni amsa. Ranar Talata in an kira ni na tsaya, ga Rifkatu tana kallona, alƙali ya tambaye ni wa na gani, me zan ce masa? Don Allah, me zan yi?